Mahalarci na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Agege.
Janareton Baba Wasiu ya yi tari ya mutu,
unguwa ta yi tsit, sai kukan sauro.
Cajin kwamfuta saura ashirin da uku,
ni da maƙalata muna kallon-kallo
kamar mai bashi da mai binsa.

Mujalla ta ce kalma dubu shida,
ni na zo da dubu takwas da ɗoriya.
Kwana huɗu ina fiɗa kamar mahaucin Oko-Oba,
tsokar da na fi so
ita ta fara faɗuwa ƙasa.

Sun ce a cire sunaye, a rufa wa mutane asiri.
Gaskiya ne. Na cire.
Ɗahiru, mai sauraron darasin lissafi
cikin tirela a layin Apapa, kwana tara taya ba ta juya ba,
ya koma Mahalarci na Goma Sha Bakwai.
Larai mai tumatir a Mile 12,
yatsa ɗaya na amsa jarrabawa,
ɗaya hannun na miƙa canji,
ta koma Ta Shida.
Saude, nas a Idi-Araba,
mai karatu tsakanin allura da allura,
ta narke cikin jadawali:
kashi biyu da ɗigo uku cikin ɗari.

Wata bakwai na jira bayan aikawar farko.
Mai bita na ɗaya ya ce madalla, a gyara waƙafi.
Na biyu, ban san fuskarsa ba,
bai san tawa ba, haka ƙa'idar take,
ya rubuto shafi uku cur:
mutum arba'in da uku sun yi kaɗan,
ina ra'in da aka ɗora aikin a kai,
kuma me ake nufi da "sabis ya ɗauke"?
Na yi dariya har na ƙware.
Bawan Allah, a wace ƙasa kake kwana?

Da zuciya ta huce na sake karantawa.
Ashe a tambaya ta tara ya kama ni dumu-dumu:
na ƙirga waɗanda suka gama,
na tsallake waɗanda suka bari.
Na hau danfo na bi sawunsu.
Iliya ya sayar da waya ya biya haya.
Kande ta haihu, jariri ya cinye daren karatu.
Mudi ya ce, Malama, kunya ce ta hana ni ɗaga kiranki.
Sashen da ya fi kowanne nauyi ke nan,
kuma baƙon da na yi wa dariya ne ya sa na rubuta shi.

Yanzu komai ya kammala:
tsakure, manazarta sittin da ɗaya
kowacce da ɗigonta inda suke so,
wasiƙar edita mai ladabin da ban ji a raina ba.
Bismillah. Na danna.

Da'ira na juyawa,
na juyawa,
cunkoson Gada ta Uku ranar Litinin.
Casa'in da ɗaya cikin ɗari, ta cije.
Na kwashi waya da kwamfuta, ba takalmi,
na fita baranda, gefen tankin ruwa,
inda sabis ya kama haya.
Na san a wannan sa'a ta data mai araha
Ɗahiru ma ya zuro hannu ta tagar mota
yana laluben iska ɗaya da ni.

Ta wuce.
Imel ya shigo: mun karɓa, ga lambarki.
To, maƙala, ke ma an cire miki suna.

Ladanin masallacin Zango ya gyara murya,
kwandasta ya fara: Oshodi! Oshodi!
Sai ga saƙon murya, hayaniyar motocin gwari a bayansa:
Malama, littafin ya fito?
Sunana na ciki?

Na daɗe riƙe da wayar.
Na ce, Larai, kina shafi na tara,
sakin layi biyu, duk naki.
Nawa kwando yau?