Tsagin da Ke Tsakanin Girata

Shekara ashirin da shida ina jan bas
daga Bornova zuwa Konak,
rana na dukan gilashi, ni ina ƙanƙance ido.
Ita ta tsaga mini wannan layi tsakanin gira biyu,
ba wanda ya ɓata mini rai.

Amma Duru, jikata, 'yar shekara biyar,
ta ajiye cokali ranar Lahadi ta ce,
"Kaka, me na yi maka?"
Alhali dariya nake yi.
Baki na dariya, goshi na yanke hukunci.

Kadri mai aski ya ce ya san wata,
a saman shagon waya, hawa na biyu,
rabin kuɗi, ba layi, ba tambaya.
Na hau. Warin jan farce da hayaƙin taba.
Ta ciro kwalba daga firjin da take ajiye madara,
kwalba ba suna, ba kwanan wata.
Na ce, ina takardar shaidarki?
Ta ce tana gida, a cikin akwati.
Na taɓa sayen birki mai araha sau ɗaya,
har yau gangaren nan yana zuwar mini a mafarki.
Na sauko da fuskata yadda na hau da ita.

Mako uku 'yata tana duba rajistar likitoci.
Ni kuma ina kunyar a gan ni,
ƙato da furfura, mai neman gyaran goshi.

A Alsancak, Dakta Sezgin ba ta taɓa allura ba ranar farko.
Tambaya ta yi ta yi, kamar ɗan sandan hanya:
Kana shan maganin tsinka jini?
Akwai ciwon jijiya? Akwai abin da jikinka ke ƙi?
Ta faɗi abin da kan iya faruwa, ba ta rage ba.
Je ka kwana a kai, in ji ta.

Na kwana uku, na koma.
Ta ce, "Ɗaure fuska."
Na ce, ai ban sake ta ba.
Ta ɗiga alƙalami wuri biyar,
ta fasa hatimin kwalba a gabana, ta nuna mini kwanan wata.
Cizo biyar, irin na sauro mai ladabi.

Kada ka kwanta sai bayan awa huɗu.
Kada ka murza, ko da ya yi ƙaiƙayi.
Wankan tururi ya jira, kaya mai nauyi ya jira.
In fatar ido ta sauko, ga lambata.
In haɗiya ko numfashi ya yi wuya,
asibiti kai tsaye, ka kira ni daga hanya.
Na ce, sujada fa?
Ta dubi agogo, ta dubi goshina.
La'asar ɗin ranar a zaune na yi ta,
kai a miƙe, hannu a gwiwa,
ina roƙon Allah Ya duba uzurin mai son jika.

Kwana goma, madubin bas ya nuna mini wani mutum
mai kama da ƙanena.
Fasinjoji sun fara gaishe ni.
Wani ma ya tambaye ni hanya, ba tsoro.

Nermin ce ba ta ce komai ba.
Shekara talatin tana karanta wannan layi
kafin in cire takalmi:
yau an yi cunkoso, yau albashi bai shiga ba.
Daren jiya ta ajiye mini shayi ta ce,
"Yanzu sai dai ka faɗa da baki."

Duru ta hau cinyata, ta bi goshin da yatsa,
ta ce, "Ina titin ya tafi?"
Na ce, an rufe shi don gyara.
Likita ta ce wata huɗu zai dawo,
ko ƙasa da haka, ga mai tuƙi cikin rana.
Na sayi baƙin tabarau.
Katin asibitin yana aljihun rigar aiki,
ban jefar ba, ban kuma kira ba.