Tazarar Sauro

Kakana Mumuni gadi ya yi a Rij,
shekara goma sha tara yana buɗe ƙofar
gidan da bai taɓa ganin falonsa ba.
Ya ce Bature ya zo da likita da igiyar awo,
suka ce zazzaɓi daga jikinmu yake tashi,
sai aka bar fili fetal,
iyakar tafiyar sauro,
tsakanin barandarsu da kwanon rufinmu.
Sauro dai ya ƙetare.
Mu ne har yau.

Filinmu na Nima da baki aka ba shi,
ƙwaryar goro, fatiha, shaidu uku,
dukansu suna ƙasa yanzu.
Banki ba ya karanta goro.
Shi ya sa ɗaki ke haifar ɗaki a tsakar gida
har rana sai ta karkace take shigowa,
lambatu kuwa ya fi kansila sanin sunayenmu.

Da Bature ya naɗe tutarsa ya manta layin
kamar tsohon takalmi a bakin ƙofa.
Wani ɗan ƙasa ya zura ƙafa,
ya ji daidai.

Ran Talata na kira lambar da ke jikin allo a Labone.
Da Gananci muka yi, har dariya.
Ɗaki na nan, ruwa na zuwa, zo ka gani.
Na je da kuɗin shekara biyu cikin safa.
Anti Dedei ta duba katina,
ta karanta Isaka,
ta ɗago ta dubi tabon sallar goshina.
Ayya, ɗan yayarta zai dawo daga Tema.
Da na kai geti na ji dillali na cewa
fari take so, mai biya da dala,
wanda ba ya tara dangi.

Inna ta ce gara haka.
Wa zai maka wanka a can in ka mutu?
Wa zai miƙo maka koko ta katanga?
Na yi shiru, don tana da gaskiya,
irin gaskiyar kurciyar da aka haifa a keji
tana yabon inuwa.

Da magariba na tsaya bakin titin Kanda
riƙe da hannun Rukayya.
Wuta ta ɗauke a ɓangarenmu,
can janareta suka yi gyaran murya.
Ta ce, Baba, can wace ƙasa ce?

Motoci ba su tsaya ba.
Na ƙara riƙe hannunta.