Ƙidayar Kaya a Arkawit

Takarda ta zo daga ma'aikata ranar Talata,
hatimi biyu, sa hannu uku:
yaƙi ya ƙare, a ƙidaya kaya, a share ɗakuna,
a buɗe wa masu shaƙatawa
kafin zafin bakin teku ya koro su kan dutse.

Na ɗauko kundin da na rufe tun bara waccan.
Gara ta cinye watan Afrilu.
Na fara daga inda ta ƙoshi.

Cokula: ɗari da ashirin a rubuce,
sha tara a hannu.
Ba sata ba ce, ranka ya daɗe, suna bakin aiki.

Tawul: babu.
Bakwai sun zama majanyi.
Huɗu Oshek mai dafa abinci ya haɗa da allurar buhu
daren da Hajja Sittana ta cika,
muka sa ta a ƙasa
da tambarin gwamnati daidai ƙirjinta.
A wane layi zan rubuta wannan?

Wurin ninƙaya: yana nan, ba ya yoyo.
Ƙasa muka zuba masa da kwanon sarki.
Lalo a gefen yara, albasa a tsakiya,
can inda aka rubuta "mita biyu, a yi hattara"
kabewa ta fi yaɗo.

Ɗakin tururi: Malama Ihlas ke koyar da lissafi a ciki,
gawayi a kan farin tayil,
soso guda ya ishi darasin jiya.
Gadon tausa kuwa, a kansa aka karɓi bakwai ɗin nan.

Makullai: arba'in da biyu, duk suna kan allo,
ba wanda ya nemi ko ɗaya.
Waɗanda suka fi yawa a gidan nan ba namu ba ne,
a wuyan mutane suke, a zare,
na ƙofofin Omdurman da Madani
da wasunsu ko bango ba su da shi yanzu.

Ba zan ɓoye ba, ina so baƙin su dawo.
Wata talatin da ɗaya ban ga albashi ba.
Na yi kewar amare masu ɗaukar hoto a cikin gajimare,
da alƙalin nan mai mita kan gishirin miya,
da ƙarar janareto ƙarfe shida.
Gida ne na hutu, ba laifi ba ne mutum ya huta.

Amma kakana daga Haɗeja ya taso zai tafi Makka,
ya sauke kaya a Mai Wurno, ya ce kwana biyu.
Kwana biyun ne muke ciki har yau.
Ni ne zan buga wa wani ƙofa in ce lokaci ya yi?

Mai duba aiki ya iso ranar Asabar,
Halafalla sunansa, takalminsa ya sha ɗinki.
Ya zaga, bai ce uffan ba.
Oshek ya kawo gahawa da citta,
ya juya ta da ɗaya daga cikin sha taran nan,
ya daɗe yana juyawa.
Ya ce matarsa da 'ya'yansa
suna aji na uku a wata makaranta a Atbara,
ba karatu suke ba.
Sannan ya miƙo takardar: umarni dai umarni ne,
ƙarshen wata.

Da dare gajimare ya sauko har baranda,
ya jiƙa shanyar da aka manta a igiya.
Na kunna aci-balbal.
Layi ɗaya ya rage:
ɗakunan da ke shirye don karɓar baƙi.

Na rubuta: ɗaya.
Na naɗe tabarmata, na ɗauki buta,
na share shi har ƙarƙashin gado,
na koma sito, kusa da buhunan dawa.