Lamba Huɗu

A ƙofar shagona, nan Bilbis, da la'asar sakaliya,
gardama kan riga shayi nuna.
Ƙafata na kan keke, kunnena na waje.
Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinka wa Guguwa lamba,
ba wanda ya taɓa ce mini: tela, kai wa ka zaɓa?

Tsoho Nomau ya doka sanda: Arzika Bahago, a rufe zance!
Ba takalmi ya yi wasa, fili duk tsakuwa.
Ran da ƴan Madawa suka zo da motarsu da makaɗinsu
ya ɗirko ta daga inda mai gyaɗa ke zama.
Raga ba zare a lokacin, itace uku ne kawai,
ƙwallo ta wuce, ta fasa tulun wata baiwar Allah.
Na lura nisan bugun nan na ƙaruwa kowace damina.
Bara daga tsakiyar fili ne,
bana ya kusa bakin tabkin Babaye.

Illa direba ya yi tsaki.
Ku da ba ku ga Agali Dogo a raga ba, me kuka gani?
Tafin hannu kamar faifai,
fenariti uku ya kama da karyayyen yatsa,
muka ɗauke shi a kafaɗa har tasha, ana ta guɗa.
Sai Illa ya yi shiru, don mun san sauran.
Kaka ta wuce, ya bi ƴan bida kamar kowane ɗan Adar,
Abijan ta haɗiye shi.
Wani ya ce ya gan shi yana tallan agogo,
wani ya ce ba shi ba ne.

Yaran kuma sai su zaro salula.
Baba, bar "an ce", ga Hamidin Allura, duba da idonka,
ya yanke mutum huɗu, gashi rine kamar zakara.
Nomau ya matso, ya ƙanƙance ido, ya mayar musu:
Duk abin da ya shiga cikin wannan kwalba ya ƙanƙance.
Namu ba a ɗauke shi hoto ba, shi ya sa bai daina girma ba.

Tsahara mai ƙosai daga tsallaken titi ta ce
gwaninta shi ne wanda ya biya ta bashi,
kuma tun zamanin Bahago take jiran a haife shi.

Aka yi dariya. Na gyara zare.

Ni da allura muna da namu lissafi.
Abuzaidi, lamba huɗu, mai tsaron baya.
Shekara goma sha ɗaya, ƙwallo ɗaya tak ya ci,
ita ma a ragarmu ta faɗa.
Amma duk Litinin sai ya zo da wandonsa a ninke,
ya wanke shi da kansa, jinin bai gama fita ba,
ƙugun ya tsage inda ya shara a kan tsakuwa
don kada Agali ya sha wahala,
don Illa ya sami wanda zai ɗauka a kafaɗa.
Ya ajiye dala biyar, ya ce: a yi haƙuri da ni, tela.

Yana nan. Kuna wuce shi duk Lahadi.
Shi ne mai ɗingishin nan da gwangwanin toka
da ke zana layin fili tun rana ba ta yi zafi ba.
Jiya na ji Allura da bakinsa
yana ce masa: tsoho, gusa mana.
Ya gusa. Ya koma ya gyara inda aka take.

Rigarsa na ƙarƙashin kekena, faci goma sha bakwai,
huɗun ta koɗe har ta koma kamar ɗaya.

Shayi ya iso. Nomau ya soma ja da baya da sandarsa,
yana auna wa yara inda Bahago ya tsaya,
har ya taka kwatami.