Rumfar da Gizo Ya Manta

Ni ne Arzika baduku, na Shiyar Madunka.
Basilla ta san yatsana tun ina ɗan bakwai.
Ko cikin duhu nakan gane jar akuyar Sakkwato
in dai tafina ya shafi fata.

Jabbi ɗan maƙwabcina ya kafa man rumfa a yanar gizo,
ya ce, "Baba, kowa ya nemi aikin dukawa
sunanka za shi gani na uku."
Haka kuwa anka yi.
Wata hajiya a Yamai ta sai tumtum goma sha biyu,
wani daga Ikko ya ce takalma,
na ƙara yara biyu, ban samu ko na huta.

Bayan layya sai waya ta yi gum.
Na ce kasuwa ce, tana da ranakunta.
Sati huɗu na ce hassada ce,
na sa anka yi man rubutu, na sha,
na raba waina ƙofar masallaci.
Shiru dai, kamar an yi ruwa an ɗauke,
kaya jibge, ƙura tana ta lalata.

Jabbi ya koma Fatakwal da mabuɗin a kansa.

Tsahara, ɗiyar ƙanena, ta zo hutu daga makaranta.
Ta rubuta sunana, ta ja allo ƙasa,
shafi na ɗaya, na biyu, har na tara.
Akwai na Kano, akwai wani Bature
mai saida roba da sunan fatarmu,
ni ko ƙyallina babu, sai ka ce ban taɓa zuwa duniya ba.
Na ce, "Wa ya ɗauke ni?"
Ta ce, "Ba a ɗauke ka ba, Baba, an dai manta.

Akwai ɗan aike mai zagaye dare da rana,
yana leƙa kowace rumfa, yana karanta.
Ya zo taka ya iske kyauren da Jabbi ya jingine
ran da yake gyara, da alamar kar a shiga.
Shi kuwa ba ya ƙwanƙwasa, wucewa yake.
Ta baya kuma 'yan caca sun haura katanga,
sun manne tallarsu a bangonta.

Ga bayanin kayanka, kwafo shi anka yi
daga wata rumfa, har da kurensu na harafi.
Wa ke sauraren mai maimaita zancen wani?
Hotunan kuma nauyi gare su kamar buhun gero,
kafin su buɗe, mai saye ya fita."

Kwana uku muna tsakar gida da ƙaramin janareto.
Ta roƙi Jabbi mabuɗi, ta canza kwado,
ta kankare caca, ta janye kyaure.
Sannan ta aje waya gabana ta ce, "Faɗi."
Na ce, "Me?"
Ta ce, "Abin da ba wanda ya sani sai kai."
Sai na faɗi yadda bagaruwa ke cin gashi ta bar ƙarfi,
yadda karan dafi ke ba da ja mai zurfi,
dalilin da ya sa mahaifina ba ya yanka da la'asar.
Ina faɗi, tana rubuta.

Ta zana taswirar rumfa ta aika wa ɗan aiken,
ta ce, "Saura haƙuri, ba shi da gaggawa.
Duk sati ka ƙara sabon abu, ko jaka guda.
Kar ka biya mai cewa gobe za ya kai ka sama,
wanda ya hau da tsanin aro, da shi ake sauke shi."

Sati shida. Ina cin tuwo waya ta yi kuka,
wani daga Agadas yana tambayar sirdin raƙumi.
Na duba, ga ni na bakwai.
Ba na uku ba. Na bakwai.
Na wanke hannu, na jawo fata.