Shaidar Kwali

Daren jiya na shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar Babikir.
Da asuba kwalin ya ba da shaida:
ɗigo uku, launin zuma, warin ɓāragurbi,
ba daga inji ba,
daga akwatin nan mai raba wa ƙafa huɗu ƙarfi.

Na kwanta rigingine a baƙar ƙasar Gadarif,
wadda in ta sha ruwa
sai ta riƙe taya riƙon mai bin bashi.
Na kwance farfela. Noti ɗaya ya yi gardama,
sifana ta zame, ta ɗebe mini fata.

Ga mai laifin: zoben roba,
bai fi awarwaron jaririya ba,
ya bushe, ya yi faso kamar diddige.

Babikir na tsaye yana lissafin buhunan riɗi
da ke jiransa a gona.
"Usta Harisu, yau?"
Na ce miƙo sabon, rage tambaya.

Na shafa masa mai, na ƙwanƙwasa a hankali,
na ɗura har ya taɓo yatsana.

Ga sabon kwali nan.
Mun sha shayi kofi biyu,
har yanzu bai ce uffan ba.