Minti Goma a Hawa na Sha Huɗu

A Manila dare ne ranarmu.
Ƙarfe biyu gari ya yi tsit, mu kuwa kasuwa ta ci:
na'ura a kunne, baki na ba da haƙuri
ga mutanen da rana ke haska wa a wata nahiya.
Kira tamanin kafin asuba.
Wuyana ya sandare kamar icen da aka manta a rana.

Sai kamfani ya kawo mana Luzviminda,
gajeriyar mace mai furfura, da 'yar ƙararrawa a jaka.
Rodel ya ja tsaki:
"A rage mana kira, ba a koya mana numfashi ba.
Tun da aka haife ni nake yin sa, ban taɓa fashi ba."
Muka yi dariya. Ita ma ta yi.
Ta ce, "Gaskiyarka. Wannan ba ya biyan kuɗin haya."

Ta raba mana busasshen mangwaro, yanka ɗai-ɗai.
"Kada ku haɗiye tukuna."
Na ɗora a harshe.
Tsami ya fara sallama, zaƙi ya biyo shi a makare.
Shekara uku ina ci a gaban kwamfuta,
ashe ko loma ɗaya ban ɗanɗana ba.

"Hankali akuya ce," in ji ta, "dole ta tsinke.
Kada ku doke ta.
Ku kamo igiya, ku mai da ta turke."
Tawa ta tsinke sau tara a minti goma:
ta je kuɗin makarantar Dalisay,
ta je rufinmu mai yoyo a Marikina,
ta leƙa wata magana da ƙanwata ta yaɓa mini bara.
Sau tara na kamo ta.

Daren Alhamis, kira na hamsin da bakwai,
wani tsoho ya sauke mini kwandon zagi.
Na ji zafi ya taso daga ciki zuwa maƙogwaro.
Na ji tafin ƙafata a ƙasa.
Na shaƙa. Na fesar.
Can ƙarƙashin ihun, muryarsa rawa take.
"Matata ce ke biyan waɗannan takardun," ya ce.
"Yau wata biyu ke nan."
Agogon da ke auna ni ya koma ja.
Na bar shi ya yi ta ƙirga.

Shugaba ya rubuta cewa na daɗe a kan layi.
Kira bai ragu ba, ko ɗaya.
Rodel na nan da tsakinsa,
amma jiya na gan shi a bakin taga, ido rufe,
kofinsa na hucewa a hannu.

Da asuba, a motar komawa gida,
ruwa na dukan rufi.
Ban ciro waya ba.
Na saurara har Marikina.